Ranar da Saffana Ta Cire Takalmi

Kai da ka tsinci littafin nan, rufe shi ka mayar inda ka ɗauko. Ban rubuta shi don nishaɗin kowa ba, kuma Allah yana ganin mai leƙen asirin mutane. In ka ƙi ji, to ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke min hukunci. Kada ka yi irin ta matan guruf ɗinmu, da za su kalli bidiyon daƙiƙa goma sha biyu su ce sun gama sanin tarbiyyar gidan mutum. 'Yata Saffana kuwa ban wahalar da kaina wajen ɓoye mata shi ba. Da Hausa na rubuta.

Talata, 18 ga Fabrairu, bayan la'asar

Yau ma yarinyar nan ta kwashe min kwalaye huɗu daga shago. Kwalayen mayafai ne da nake ajiyewa don ɗaure kayan 'yan Kano. Na tambaye ta ina za ta kai su, ta ce gidan su Tuli, wai aiki za su yi. Wane aiki? Ta ce zan gani.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka zo Guangzhou, tana da shekara huɗu. Ni ina shago a Tianxiu, babanta Ilu yana Huangpu wajen lodin kwantena, wani lokaci sai ya kwana biyu bai dawo ba. Ban taɓa barin ta ta yi ƙawa barkatai ba. Tuli ma don ƙofarsu na kallon tamu ne, kuma Musulmi ne. 'Yan Bangaladash ne. Babanta Mizanur maɓallai da zif yake saya yana aika wa masu ɗinki a ƙasarsu. Ba ni da ƙorafi a kansu sai ƙaurin kifinsu da yake shiga labulena. Tun watan jiya kakar Tuli ta zo aikin ido. Sunanta Monowara, amma duk gidan Dadi suke ce mata, har Saffana ta ɗauka. Tsohuwa ce 'yar firit, kullum da carbi a hannu. Ba ta jin kowane yare sai nasu.

Ba na son yarinya ta riƙa ce wa uwarta "za ki gani". Mu ba a haka muka tashi ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Saffana ta goge farar doguwar rigarta da baƙin hijabi ta rataye. Na ga furanni a cikin bokitin banɗaki. Na ce na mene ne, ta ce na Dadi ne, ajiya aka ba ta. Na ce to a fitar min da su gobe, gidana ba kasuwar fulawa ba ce.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Na yi abin da ya kamata uwa ta yi.

Juma'a, bayan magariba

Ba na nadama. Ko gobe aka maimaita, zan maimaita.

Asabar, 22 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta yadda aka yi, tun kafin masu ƙari su gama ƙarawa.

Jiya na idar da sallar asuba ina lazimi, sai ga bugun ƙofa. Salamatou ce, 'yar Maraɗin nan ta hawa na tara, da kwandon shanya a hannu. Ta ce, "Maman Saffana, mi kike nan zaune? Ɗiyarki na bisa, ba takalmi. Hau ki gani da idonki, kar ki ce na yi miki ƙarya."

Na leƙa ɗaki, gado wayam. Na hau rufin bene.

Mutum kusan ashirin na tarar, duk 'yan ƙasar su Tuli, maza da mata, sun yi layi. Kowa ƙafa tsirara a kan siminti, cikin wannan sanyin. Sun jera takalmansu a bakin ƙofa kamar masallaci. Suna wata waƙa a hankali, mai kama da kuka. A gabansu ga kwalayena, an yanka su an yi ginshiƙai biyar, na tsakiya ya fi tsawo, kansa a sunkuye. A bayansu an manna wani jan da'ira ƙato kamar rana. Ɗaya bayan ɗaya suke matsawa su ajiye fure a gindinsa. Ina tsaye layi ya zo kan 'yata. Tana riƙe da hannun tsohuwar. Ta durƙusa ta ajiye furenta.

'Yar da na kai sauka sau ɗaya, ta fara na biyu. 'Yar da ban taɓa bari ta kwana ba ta yi azkar ba. A gaban rana ta takarda.

Abin da ya biyo baya duk wanda yake wurin ya gani, ba sai na rubuta ba. Waƙar dai ta tsaya. Na riƙo kunnenta muka sauko, takalminta ma can muka bar shi.

Jan fentin ya kama tafin silifas ɗina da bakin zanina. Na wanke sau uku bai fita ba.

Ashe Salamatou ba kwando kawai ta riƙe ba, wayarta ma tana aiki. Kafin a sauko daga Juma'a bidiyon ya shiga guruf. Daidai inda Saffana ta durƙusa aka yanke shi. Nawa ɓangaren babu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, bayan azahar

Ilu ya dawo daga Huangpu ko wanka bai yi ba. Bidiyon ya riga ya isa Kano. Yayansa Munkaila ya kira shi sau shida. A can cewa ake 'yar Ilu ta shiga addinin Indiyawa.

Ya tsaya a tsakiyar falo ya ce, "Radiyya, na bar miki yarinya ɗaya tak ki kula da ita. Ɗaya."

Na ce, "Ai ni na je na ɗauko ta."

Ya ce, "Bayan duniya ta gani."

Sun gama magana da Yaya Munkaila. Hajiya Balki za ta koma Kano ranar goma sha biyu ga Maris in ta gama sarinta. Za ta tafi da Saffana, ta zauna a gidan Yaya, a sa ta Islamiyya, sai abin da hali ya yi. Ya tambaye ni ko ina da magana. Na ce daidai ne. Yarinyar da ta fara fita da asuba ba sanin uwarta, gara a yi wa abin hanzari.

Daidai ne.

Ita kaɗai Allah ya ba ni, amma daidai ne.

Litinin, 24 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Saffana ba ta yi min magana ba yau, da kowane yare.

Talata, 25 ga Fabrairu, bayan la'asar

An buga ƙofa, na leƙa ta ramin. Tsohuwar ce ita kaɗai, ido ɗaya a naɗe da bandeji, hannu ɗaya da faranti, ɗayan da takalmin Saffana. Ban buɗe ba. Ta jima a tsaye, sannan ta ajiye su a ƙasa ta lallaba bango ta koma.

Wainar shinkafa ce irin tasu, da kwakwa da wani baƙin suga a ciki. Ban ci ba. Ɗanɗanawa kawai na yi don in san abin da ake ba 'yata.

Yanzu ga faranti a hannuna. Uwata ba ta koya min mayar da kwanon maƙwabci wayam ba, ko da maƙwabcin maƙiyi ne.

Laraba, 26 ga Fabrairu, bayan magariba

Na yi dambun shinkafa da zogalen da Balki ta kawo min, na sa Saffana ta ɗauki farantin, na bi ta. Niyyata in ajiye in faɗa musu su fita harkar 'yata, in juyo.

Mizanur da matarsa ba sa nan. Tsohuwar tana kan sallaya, Tuli na gefenta. Ta nuna min kujera. Na ce a tsaye ma ya isa. Ta ci gaba da nuna kujerar har na zauna.

Maganar ta zama doguwar hanya. Tsohuwar ta faɗa da yarensu, Tuli ta juya wa Saffana da Sinanci, don da shi suke hirarsu, Saffana ta juya min da Turanci. Ni Sinancina na ciniki ne, daga "laoban, rage min", wato mai shago, sai "meyo", wato babu.

Na ce a tambaye ta, mace mai carbi a hannu, me ya kai ta bautar rana?

Da saƙon ya isa, sai ta yi dariya har ta riƙe bandejinta. Ta ce ita goshinta bai taɓa taɓa ƙasa don wani ba sai Allah. Ta ce abin da suka yi da kwali kwaikwayon wani gini ne da ke birninsu Dhaka, Shahid Minar. Kalmar shahid kam ban jira tafinta ba.

Ga abin da na fahimta. Da Turawan Ingila za su tafi, sai suka tsaga ƙasar, suka haɗa mutanenta da wasu Musulmi da ke can nesa, Indiya guda tana tsakaninsu, aka ce ƙasa ɗaya ce, Pakistan. Mulki ya zauna a can ɗaya ɓangaren. Sai masu mulkin suka ce Urdu ne kawai zai zama harshen gwamnati, alhali masu jin Bangla sun fi yawa. Ɗalibai suka fito a Dhaka ranar ashirin da ɗaya ga Fabrairu, 1952, suka ce ba su yarda ba. 'Yan sanda suka buɗe musu wuta. Tana da shekara shida a lokacin. Yayanta ya dawo gida da jinin abokinsa a riga, uwarsu ta ƙone rigar a murhu don kada a gani. Tun daga nan, duk shekara a wannan rana suke fita da sassafe ba takalmi. Ta ce ƙasar da ta sha jinin 'ya'yan mutane ba a taka ta da takalmi.

Na ce Allah ya ji ƙansu, amma mamaci addu'a yake bukata, ba fure ba. Ta ce ta yarda, ita ma Yasin ta karanta musu kafin ta hau. Furen na masu rai ne, don yara su tambaya.

Na miƙe zan tafi, sai ta riƙo bakin hijabina. Ta nuna Saffana, ta nuna ni, ta yi tambaya. Tuli ta juya wa Saffana. Saffana ta sunkuyar da kai. Na ce, "Me ta ce? Faɗa min."

Ta ce, "Wai ta ji da yaren Turawa nake miki magana. Wai ku ba ku da naku ne?"

Na ce a gaya mata muna da shi, Hausa, miliyoyin mutane ke yin sa, har gidajen rediyon duniya.

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta sake tambaya.

"Wai to wace gwamnati ce ta hana ni?"

Na ce wa Saffana ta ɗauko farantinmu mu tafi, magariba ta yi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Tsohuwar da ba ta san komai game da rayuwarmu ba. Ta san yadda ake neman makaranta ga baƙar yarinya a garin nan? Ta san sau nawa aka dawo min da ita aka ce ba ta gane abin da malami yake faɗa? Dole aka yi doka a gida: Turanci a ciki, Sinanci a waje. Duk wanda ya yi mata Hausa yana ja mata baya ne. Ga shi yanzu ita ke karanta wa babanta takardun tashar jiragen ruwa, ita ke yi min faɗa da masu masaƙa a waya. Wa ya taɓa cike takardar kwastan da Hausa?

An yi dokar ne don amfaninta.

Alhamis, bayan isha

Ba "aka" ba. Ilu bai so ba a lokacin.

Asabar, 1 ga Maris, ɗaya ga Ramadan, bayan shan ruwa

Su Tuli sun aiko da soyayyen wake da albasa, na aika da kunun gyaɗa. Haƙƙin maƙwabtaka ne, ba wani abu ba. Da na je karɓo jug ɗina tsohuwar ta ga zanin da na ɗaura, rinin Kura ne, tsohon na Inna. Ta kama shi ta shinshina, ta ce, "Nil."

Baba ke nan, na rini. Na ce mata ubana marini ne, har ya rasu hannunsa shuɗi ne zuwa gwiwar hannu, ko ranar Idi. Sai ta ce su kuma a wajensu wannan ganyen la'ana ne. Turawa sun tilasta wa kakannin kakanninta su shuka shi a gonakin shinkafarsu, su saya a farashin da suka ga dama, wanda ya ƙi a ɗaure shi a yi masa bulala. Har ranar da manoma suka haɗa kai suka ce ko za a kashe su ba za su ƙara shuka shi ba. Ta ce a zamanin uwarta kuma, lokacin babban yaƙin Turawa, yunwa ta kashe mutane ba adadi. Mutane suna bin ƙofa ƙofa, ba shinkafa suke roƙo ba, ruwan da aka tace daga dafaffiyar shinkafa. Har yau ba ta bari a zubar da shi. Tuli ta ce gaskiya ne, kullum sai an yi rigima a kicin.

Na yi sakandare, na haddace sunayen gwamnonin Turawa na ci jarrabawa da su. Ba wanda ya taɓa gaya min ganyen da ya ciyar da gidanmu ya sa an zane wasu a wata ƙasa.

Wannan bai canza komai game da furen ba.

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Balki da Salamatou sun zo shago. Balki tana juya mayafai tana cewa, "Hajiya Radiyya, ki haɗa mata kaya marasa nauyi, ni kilona ya cika. Kuma ki koya mata ko ina kwana ce, kada mu sauka a yi zaton 'yar aiki na ɗauko daga Sin."

Salamatou ta ce, "Ai ko ƙafa ƙasa ta sauka ba komi, ta saba."

Suka yi dariya. Na ce, "Salamatou, da azumi a bakinki. Da kika ga 'yar Musulmi a abin da kike zaton halaka ne, hannunki waya ya fara nema ko hannunta?"

Ta ce, "To ni mi na yi? Ba ni na kira ki ba?"

Na ce, "Kin kira ni, kin kira Kano, kin kira Maraɗi. Ajiye mayafin nan, ba na sayarwa ba ne yau."

Balki ta ce, "Ikon Allah, laoban ta hau."

Na hau ɗin.

Laraba, 5 ga Maris, bayan la'asar

An cire wa tsohuwar bandeji. Ta ce tana so ta ga fuskar matar da take da ƙarfin ƙafa haka. Na je.

Ban san me ya kawo maganar mijinta ba. Ina jin hotonsa na tambaya, wanda ke jingine a kan firji, saurayi mai tabarau. Ta fara magana, Tuli ta juya, Saffana ta buɗe baki da Turanci. Sai na ji bakina ya ce, "Da Hausa."

Ta kalle ni kamar na mare ta. Na ce, "Abin da kika iya."

Zan rubuta shi yadda ta faɗa, ban gyara ba.

"Shekara saba'in da ɗaya. Mutane ya yi zaɓe, an hana su. Soja ya zo. Mijinta malam ne, na makaranta. Suna cin abinci. Soja ya ce, zo, tambaya kaɗan. Ya tafi da... da riga na ciki. Ta ajiye abincinsa. Ta rufe da kwano."

Ta tsaya tana neman kalma, tana murza yatsu. Na bar ta.

"Bai zo ba. Ita tana da ciki, baban Tuli. Ta gudu ƙauye. Ta ɓoye cikin ruwa, cikin ganye mai tsawo, ruwa har nan." Ta nuna wuyanta. "Wata tara ana yaƙi. Manomi ya yi yaƙi, ɗalibi ya yi yaƙi. Watan Disamba suka samu ƙasa. Kowa yana murna. Ita tana zuwa inda aka zuba mutane, tana duba tabarau."

Na tambaya, sojojin nan kafirai ne? Tsohuwar ta ce a'a, suna salla.

Ba ta samu gawarsa ba. Babu kabari. Shekara hamsin da huɗu, in tana so ta tsaya a wani wuri ta tuna shi, gindin ginin nan take zuwa. Bana ciwon ido ya kawo ta nan, shi ne jikarta da 'yata suka yi mata na kwali.

Shi na tattake. Na sa ƙafa na bi ta kansa har sai da ya kwanta, na yi ƙwallo da furannin, a gaban idonta ɗaya. Ga shi na rubuta.

Har gobe ba zan ajiye fure a gaban komai ba, 'yata ma ba za ta ƙara ba. Na gaya mata haka. Amma na ce ta yafe min ƙafata. Ta ce a ƙasarsu ma an taɓa rushe na gasken, suka sake ginawa, nawa mai sauƙi ne.

Da muka dawo gida Saffana ta ce, "Umma, na yi kuskure da yawa?" Da Hausa ta tambaya. Na ce da yawa. Na shiga kicin na rufe ƙofa, albasa tana jirana.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Ilu ya sayo akwati a Sanyuanli, shuɗi mai taya. Yana bayan ƙofa.

Asabar, 8 ga Maris, da hantsi

Ban sa komai a ciki ba.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan isha

Ya ga akwatin wayam ya ce, "Saura kwana uku fa."

Na ce, "Baban Saffana, zauna. Yarinyar nan ba za ta bi Balki ba."

Ya ce, "Ke da bakinki kika ce daidai ne."

Na ce, "Na faɗa. Na janye."

Na gaya masa abin da kwalin yake nufi. Ya ce ko ma mene ne, Kano ta riga ta gani, kuma ya ba yayansa magana, da wane ido zai kalle shi? Ya kira Yaya Munkaila ya sa a sifika, wai in faɗa masa da kaina in zan iya.

Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da azumi. Sannan na ce, "Yaya, a yi haƙuri, Saffana ba za ta zo ba."

Ya ce, "Radiyya, ashe ke ce mai gidan yanzu? Ba ni yarinyar."

Saffana ta matso. Ta ce, "Ina wuni, Baffa."

Ya ce, "Lafiya lau. Ya ibada? An sha ruwa lafiya jiya? Me kika karanta a asham?" Ya jero su da sauri, da gangan. Ta kalle ni. Ta ce, "Lafiya... na'am."

Ya yi tsaki. "Kun ji ko? Shekara goma sha biyar, ba ta iya amsa gaisuwar baffanta ba. Ba yare, ba addini. Sinawa sun cinye ta, Indiyawa sun ƙarasa."

Na ce, "Yaya, addininta yana nan, in kana so ta ja maka Baƙara yanzu za ta ja. Yaren kuwa ba Basine ya karɓe ba, ba maƙwabci ba. Ni ce. Tana shekara biyar na hana a yi mata Hausa a gidan nan. In ta ce ruwa sai in hana ta har sai ta faɗa da Turanci. Ƙaninka ya yi min magana na ƙi ji. Mutanen da kuke zagi, harbi aka yi musu a kan harshensu ba su saki ba. Ni ba wanda ya nuna min ko sanda. In akwai wadda za a mayar Kano ta koyi hankali, ni ce. Amma ba zan tura yarinya gidan da za a yi mata dariya duk lokacin da ta buɗe baki ba, ta zama kurma a cikin danginta saboda laifina. A hannuna ta rasa shi, a hannuna za ta same shi."

Ya ce, "Ilu, kana ji matarka tana min wa'azi?"

Ilu ya ɗauki wayar. Sannan ya ce, "Yaya, zan kira ka." Ya kashe wayar, ya ɗauki hularsa ya fita. Bai sha ruwa a gida ba.

Litinin, 10 ga Maris, bayan asuba

Bai yi min magana a sahur ba. Na zuba masa, ya ci. Fasfo ɗinta yana cikin jakata, kuma ya san yana nan.

Laraba, 12 ga Maris, bayan shan ruwa

Balki ta tashi da rana, ita da kilonta.

Yaya Munkaila ya ce ya cire hannunsa daga lamarinmu, kada a ƙara kiransa. Matan guruf sun cire ni, sun huta na huta. Ilu har yanzu daga "eh" sai "a'a", amma da la'asar na ga ya zuba samfurin takalman kwastomominsa a cikin akwatin ya tafi da shi ofis.

Da muka zauna shan ruwa, kafin kowa ya kai hannu faranti na biyu, na ce su saurara, magana ɗaya zan yi kuma ba shawara nake nema ba.

Daga yau, duk wanda ya tsallako ƙofar gidan nan ya bar Turancinsa da Sinancinsa a waje. Ni ce ta farko, babanta na biyu, ko waya ce ta kwastoma a fita baranda. Saffana za ta riƙa zuwa wajen Dadi kullum bayan la'asar har ranar da tsohuwar za ta koma ƙasarsu, da hijabinta, da sanina. Abin da duk ta ji a can, za ta zauna a nan ta faɗa mana shi da Hausa kafin a ɗauke kwanuka, ko zai kai ta awa guda. Wanda ya san kalmar da ta ɓace mata ya ba ta sau ɗaya, a hankali. Wanda kuma ya yi mata dariya, baƙo ne ko ɗan gida, ya tashi ya bar min tuwona.